Mijina yana sasanta kowa a gari, ni kuwa ko kallo ban ishe shi ba

Mama, salama a gare ki. Na daɗe ina karanta shafinki, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba. Don Allah ki sakaya sunana, domin a cocinmu kowa ya san kowa.

Shekararmu 16 da aure, auren coci, 'ya'yanmu uku, muna zaune a Sabon Tasha, Kaduna. Maigidana malamin makaranta ne. Ba ya sha, ba ya bin mata, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Na fara da wannan ne don na san abin da za ki ce ke nan, abin da kowa ke ce mini ke nan.

Matsalata zaman lafiya ce, kar ki yi dariya. Shekara huɗu ke nan da Fada ya sa shi a kwamitin adalci da zaman lafiya na ikilisiyarmu, tun daga ranar na rasa miji. Asabar taro. Lahadi bayan Misa ta biyu taro. Laraba yana can da limamai da masu unguwanni. Samari su yi faɗa a filin ƙwallo, shi ake kira. Shanu su shiga gonar wani a bayan gari, shi ake kira. Sha ɗaya na dare waya za ta yi ƙara, sai in ji ya zura takalmi ya tada babur, ko "na fita" ba ya cewa. Man babur ɗin daga ina? Kuɗin cefane. Katin wayar fa? Kuɗin cefane. Zangon da ya wuce aka koro autarmu saboda kuɗin makaranta, ranar shi yana wajen taron bita a kan yafiya. Atamfofina biyu na sayar na biya. Har yau bai tambaye ni inda na samo kuɗin ba.

Abin da ya fi ci mini rai, Mama, mu ne muke koyarwa a kwas ɗin masu shirin aure. Mu sa anko, mu zauna a gaba, ya miƙe yana ce wa yaran nan ku riƙa sauraron juna, kada rana ta faɗi kuna fushi. Ni ina gefe ina murmushi ina gyaɗa kai. Mu hau babur mu dawo gida, ba mai ce wa wani uffan. Akwai wata yarinya da ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, ina addu'a aurena ya zama irin naku." Na ce amin. Da muka iso gida na shige banɗaki na yi kukana.

Watan jiya ya kawo baƙi shida daga Tudun Wada, sai da safiyar ranar ya gaya mini. Da kansa ya je wajen mahauci ya sayo nama don kada baƙin su yi shakkar yankan, mutumin da bai san nawa ake sayar da tumatir ba. Na dafa shinkafa da miya, na ajiye musu, na shige ɗaki, ai ya san ni da Tudun Wada. Da suka tafi ya ce na kunyata shi, wai ban fito na gaisa ba. Rabon da ya yi mini magana mai tsawo haka har na manta. To ni wa yake gaisarwa? Ni da ke riƙe da gidan, ni da na sayar da atamfofina?

Na je wajen uwar zumunta, ta ce in yi haƙuri, mata nawa ke neman irin mijina. Na je wajen Fada, ya ce aikin Allah yake yi, in tallafa masa da addu'a. Na yi addu'ar kwana tara har sau biyu. Ni ba cewa na yi aikin ba shi da kyau ba. Amma kowa a gari yana da rabo a jikin mutumin nan sai ni. In koma in roƙi Fada ya cire shi daga kwamitin? Ko son kai ne ke damuna?

'Yarki cikin Kristi, daga Sabon Tasha

*

'Yata, salama. Ban ji ta bakin maigidanki ba, don haka ba zan yanke masa hukunci ba. Aikin da yake yi ma ba na raina shi. Wanda ya zauna a Kaduna ya san sau da yawa wayar sha ɗaya na dare irin wannan ita ke hana gari tashi da hayaƙi washegari.

Amma sau uku na karanta wasiƙarki, kuma kowane karo wuri ɗaya nake tsayawa. Kin yi dogon bayani a kan mai da kati da atamfa, sai kika wuce ta kan kalma bakwai kamar mai tsallake kwata: "ai ya san ni da Tudun Wada."

Ga masu karatu da ba 'yan Kaduna ba: ranar 21 ga Fabrairun 2000 rikicin Shari'a ya ɓarke a garin, aka sake wani a Nuwamban 2002. Daga nan kogin Kaduna ya zama iyaka. Kiristoci da yawa suka kwashe abin da ya rage musu suka tsallaka gada zuwa su Sabon Tasha da Narayi da Television, Musulmin da ke kudu suka koma su Tudun Wada da Rigasa. Kowane ɓangare ya binne nasa. Ba ki faɗi abin da kika baro a Tudun Wada ba, ko gida ne ko mutum. Amma mace ba ta dafa wa baƙi abinci ta kasa fitowa ta ce musu sannu da zuwa saboda kuɗin man babur.

Kin ce ya sani. Sani iri biyu ne. Akwai wanda ya ji labari a bakin dangi lokacin neman aure, akwai wanda ya zaunar da ke ya ce gaya mini, ya yi shiru har kika gama. Wanne ne naki? Ina jin na san amsar. Kuma a nan, duk da na ce ba zan yanke hukunci ba, bai kyauta ba. Mutumin da ya tuna baƙinsa za su yi shakkar yanka har ya taka zuwa wajen mahauci, ya kasa tuna abin da sunan unguwar nan ke yi wa matarsa? Ashe ya iya lura. Ke ce bai ga kina buƙata ba. Sannan ya juyo ya ce kin kunyata shi.

Tunda ɗan zaman lafiya ne, ya san Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, tsofaffin abokan gaba da suka koma aikin sasanta Kirista da Musulmi a Kaduna. Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 suka haɗu suka fara aiki tare, kuma Wuye da bakinsa ya sha faɗin cewa ya yi shekaru a tare da Ashafa zuciyarsa ba ta huce ba. Fasto guda ke nan. Ke kuma ana so ki huce tsakanin safiya da tsakar rana, da tiren shinkafa a hannu. Ya kuma san ranar 22 ga Agustan 2002 malaman addinan biyu suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, wata uku bayan haka gari ya sake kamawa.

Bari in juya ga iyayen zumunta da su Fada da katikis da ke karanta shafin nan. Mace ta zo muku da kuka, kafin ta rufe baki kun ce haƙuri. In mijin ba ya duka ba ya sha, shi ke nan an rufe shari'a. Haƙurin nan mun mai da shi murfin tukunya. Ku ne kuke koya mana cewa gida ƙaramar ikilisiya ce. Ku ne kuke karanta mana Matiyu 5:23-24, cewa wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa na da magana a kansa, ya ajiye baikon a gaban bagade ya je su shirya tukuna. Matar mutum ba ta cikin 'yan'uwan ne? Kuma kafin ku ɗora wa magidanci kwamiti, ku tambayi wa zai sayi mai. Idan ikilisiya ce ta aike shi, ikilisiya ta biya, ba tukunyar matarsa ba.

Ke ma da naki, 'yata. Shekara huɗu kina jira ya karanta shirunki. Kuma amin ɗin da kika ce wa yarinyar nan ba gaskiya ba ce, kin sani, shi ya sa kika yi kuka.

Kada ki je wajen Fada a bayan idonsa. In aka cire shi ta hannunki, kin samu mutum a gida amma da gaba a ransa. Ki nemo ma'auratan da suka tsaya muku ranar ɗaurin aure, ai ba don hoto kawai suka tsaya ba. A gabansu, wayarsa a kashe, ki ba shi labarin Tudun Wada daga farko har ƙarshe, ko da kina ganin ya sani. Kada ki fara da maganar kuɗi, zai kawo lissafi ku ɓata a can. Ki kuma gaya masa wannan zangon ba za ki zauna a gaban masu shirin aure ba, a nemi wasu. Zai ji kunya. Ya ji.

Nan gaba, in ranki ya so, ba don ki faranta masa ba, akwai majalisar mata Musulmi da Kirista da Sista Kathleen McGarvey ta kafa a Kaduna a 2010. Za ki samu matan da suka tsallaka gadar nan daga kudu zuwa arewa a kwanakin da kika tsallako taki.

Atamfofin nan biyu kuwa bashi ne a kansa. Ki ce masa ni na ce.

Mama