Mece ce mashayar gargajiya ta Landan, kuma me ake ci da sha a cikinta?

Malam, ka ce abokan aikinka a Landan sun gayyace ka mashaya, kana tambayar abin da za ka tarar a can. Irin wannan wuri da Turawan Ingila ke kira pub majalisa ce ta unguwa, inda ake haɗuwa bayan tashi daga aiki. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu ita ce Ye Olde Cheshire Cheese da ke wani lungu a gefen titin Fleet, wadda aka sake ginawa a 1667 bayan gobarar da ta cinye birnin a 1666, kuma har yau ɗakunanta ƙanana ne masu duhu, an lulluɓe bangonsu da katako.

Giyarsu iri-iri ce: akwai bitter mai ɗaci da ake zuƙowa daga ganga da famfon hannu, akwai stout baƙa mai kumfa, akwai lager mai sanyi. Ana auna ta da kofin pint, wato mililita 568, kuma mutum da kansa yake zuwa kanta ya biya nan take.

Wajen abinci ne nake so ka yi taka-tsantsan idan kai Musulmi ne. Soyayyen kifi da dankalin turawa shi ne ya fi shahara, amma sau da yawa ana kwaɓa fulawar kifin da giya, haka nan naman sa da ake gasawa cikin ɓawon fulawa. Tsiran da suke yi kuwa galibi na alade ne. Ka tambayi mai kanta kafin ka saya. Lemo da kofi suna nan, kuma ba wanda zai ga laifinka don ka ƙi giya.