Amsa ga mai tambaya kan std::async da manhajar da ke daskarewa

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce ka rubuta aiki a C++ da std::async, ka sa masa std::launch::deferred don kada ya fara sai ka ga dama, amma da ka kira get() don karɓar sakamako sai manhajar ta daskare kamar babu zare (thread, mai gudanar da aiki a gefe) na biyu. To, ai babu shi ɗin.

Tun C++11, deferred ba ya nufin wani zare zai zo ya ɗauki aikin daga baya. Ajiye aikin ake yi a cikin future, wato abin da std::async ke miƙo maka don karɓar sakamako, kuma duk zaren da ya fara kiran get() ko wait(), shi zai yi aikin da kansa. In zaren da ke kula da allo ne ya kira, allon zai tsaya cak har a gama. In kuma babu wanda ya kira, aikin ba zai taɓa gudana ba.

Ni ma abin ya taɓa cinye mini kwana biyu, ta wata fuskar. Ina rubuta ƙaramar manhajar rage girman hotuna, na kira std::async ban faɗa masa tsarin da nake so ba. Ashe in ka yi haka, ka ba shi zaɓi ne: ko ya buɗe zare, ko ya jinkirta. Ni kuwa na zauna ina kiran wait_for, mai jira na ɗan lokaci ya faɗi halin da aikin yake ciki, a-kai-a-kai ina jiran ready, wato an gama. A kwamfutata lafiya lau. A wata kwamfutar, amsar da ke dawowa kullum deferred ce, fanka na ta huci, hoto ko ɗaya bai motsa ba, don wait_for ba ya tayar da aikin da aka jinkirta. Tun ranar ban sake kiran std::async ba tare da na rubuta std::launch::async, mai tilasta buɗe sabon zare, ƙarara ba.

Abin da kake nema shi ne std::packaged_task. Da shi kake naɗe aikin yanzu, ka karɓi future ɗinsa ta get_future(), ka jefa aikin cikin layi, sannan zarurrukan da ka tanada su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Layin ka kare shi da mutex, wato makullin da ke hana zare biyu taɓa shi lokaci guda, masu jira kuma ka tashe su da condition_variable. Lokacin farawa da zaren da zai yi aikin duk suna hannunka.

Sai dai akwai ramuka. packaged_task ba ya kwafuwa, sai dai a matsar da shi, shi ya sa std::function, mazubin da aka saba ajiye aiki a ciki, zai ƙi karɓarsa, ya watso maka kuskure mai tsawon shafi guda. Ko ka sa shi cikin shared_ptr, ko ka yi amfani da std::move_only_function in kana kan C++23. In kuma ka rufe layin alhali da sauran ayyuka a ciki, masu jiransu za su samu kuskuren broken_promise, don haka ka shirya masa. Wanda ya fi cin mutane shi ne lambda, wato ɗan aiki marar suna da ake rubutawa nan take, mai riƙe da adireshin abu maimakon kwafinsa. Aikin da aka jinkirta yakan tashi ne bayan wanda ya ƙirƙire shi ya daɗe da fita, abubuwansa sun rushe. Wani lokaci manhajar ta faɗi, wani lokaci ta ba ka lamba marar kan gado ta yi shiru, wannan ne ma ya fi muni. Ka kwafa, ko ka matsar.

Ka kuma tuna get() sau ɗaya ake kiransa. In masu jiran sakamakon sun fi ɗaya, shared_future za ka nema. Kuskuren da aikin ya jefa ma a get() yake fitowa, in ba ka kira ba ba za ka san ya faru ba.

Ina zargin sunan deferred ne ya ruɗe ka, don a wasu harsunan irinsa na da wata ma'ana dabam. A Kotlin, async da CoroutineStart.LAZY yana jira ne sai an kira start() ko await(), sannan ya gudana a inda ka tura shi. A Twisted na Python kuwa, Deferred ba ya gudanar da komai, jerin abin da za a kira in sakamako ya iso kawai yake riƙewa.

In ka gwada packaged_task, turo mana sashen da kake rufe layin da shi mu duba, a nan na fi tsammanin manhajar za ta sake daskarewa.