Abin da ya raba Ramana Maharshi da gidansu

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa Ramana Maharshi, wani malamin addinin Hindu ɗan ƙasar Indiya, ya bar gida tun yana yaro. Tsoron mutuwa ne. A 1896, a Madurai, kudancin Indiya, yana ɗan shekara 16, tsoron ya rufe shi alhali lafiyarsa ƙalau. Sai ya kwanta, ya sandare kamar gawa, ya riƙe numfashi, yana tambayar kansa: in jiki ya mutu, ni wane ne? Bayan 'yan makonni ya hau jirgin ƙasa ya nufi dutsen Arunachala, wanda mabiya addinin Hindu ke ɗauka mai tsarki, bai ƙara barin wurin ba har mutuwarsa a 1950.

Ni mahaifiyarsa ce ke ba ni tausayi. Ta je tana kuka ya dawo gida, ya ƙi. Daga baya ita ta tare a wurinsa, a hannunsa ta cika a 1922.