An ce rashin bangaskiyata ne ya hana mijina warkewa

Gwaggo, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ƙarfe biyu na dare nake rubuto miki, bayan na juya mijina na gyara masa matashi ya samu barci. Ba ni da wanda zan faɗa wa. Duk wanda na buɗe baki a gabansa sai ya ce in yi shiru in ƙara bangaskiya.

Wata goma sha ɗaya ke nan da abin ya faro, da ciwon kai na asuba da amai. Muna cewa gajiyar aiki ce, har ran da ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga. Aka ɗauki hoton kansa aka ga ƙari. Aka yi tiyata, aka cire abin da ya ciru, aka ce kansar ƙwaƙwalwa ce mai suna giliyobilastoma. Ya yi gashi na sati shida, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, ya sha ƙwayoyi wata da watanni. Watan jiya sabon hoto ya nuna abin ya dawo. Likita ya zaunar da ni ya ce ba za su sake buɗe kan ba, abin da ya rage shi ne a rage masa raɗaɗi.

Gwaggo, ba ciwon ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ciwon na karɓa, ko in ce ina ƙoƙarin karɓa. Yayarsa ce ta ishe ni. Tun ran da na gaya mata abin da likita ya ce take tambayata, maganar wa zan gaskata, ta likita ko ta Allah. Ta ce da bakina na amsa mutuwa a gidana. Ran nan ta same ni a bayan ƙofa ina share hawaye da gefen zane, ta ce hawayena ne ke rushe addu'ar da suke ginawa. Ni. Ni da na yi azumi har jiri ya kayar da ni a banɗaki. Ni da nake ɗaga shi, in wanke shi, in canza zanen gado sau uku a dare. Ita ta zo ta yi awa biyu ta tafi ta yi barcinta, amma ni ce mara bangaskiya.

Takan kwaso mutane su cika ɗakin da ƙarfi, suna tsawata wa ciwon, shi kuwa yana runtse ido don ƙara na huda masa kai. In na ce su sassauta murya, sai ta ce ga shi nan, abin da take faɗa ke nan. A gaban baƙi ta ce a binciki gidan, akwai zunubin da aka ɓoye. Ba ta kama suna ba, amma ni take kallo, kowa kuma ya ga inda take kallo. Yanzu ta tsiro da cewa a daina ba shi maganin raɗaɗi don yana sa shi barci lokacin addu'a. Shi ma ya canza, mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba yanzu yakan daka mini tsawa a kan kofin ruwa, ita kuma ta ce aljani ne, wai a gidan ya same shi.

Kuma ba wai ba na ƙoƙari ba ne. Ko shekaranjiya da ya ce in miƙo masa takarda da biro zai rubuta wa yara wani abu tun hannunsa na iya riƙewa, ce masa na yi ya bar wannan maganar, babu inda za shi, ya juya ya fuskanci bango. Kin ga ai ina tsaye a kan bangaskiya. Amma ita ba ta ganin wannan, hawayena kawai take gani. Ko waƙar sujada ba na iya yi yanzu, in na buɗe baki sai muryarta ta faɗo mini a kunne. Na durƙusa in yi addu'a, sai in ji kamar ana auna ni a sikeli kullum ina kasawa.

Gwaggo, da gaske rashin bangaskiyata ne? In ya tafi, ni na kashe shi? In hana ta shigowa gidan, ko in ci gaba da haɗiyewa? Na gaji. Na gaji da ita fiye da yadda na gaji da jinyar.

Taki, mai jinya.

AMSA

'Yata, Ubangiji ya riƙe ki. Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma kafin komai ga amsar tambayarki ta farko: a'a. Ba ke kika kawo ciwon ba, hawayenki kuma ba su hana magani aiki ba. Giliyobilastoma ita ce mafi tsanani cikin kansar da ke tsirowa daga ƙwaƙwalwar babban mutum. Tana yaɗa saiwoyi ne cikin lafiyayyen nama, inda wuƙar likita ba ta isa, shi ya sa kusan kullum take dawowa bayan tiyata. Tsarin jinyar da aka yi wa mijinki, gashi na sati shida haɗe da ƙwayoyi, shi duniya ke bi tun 2005, kuma a binciken da ya kafa shi, rabin waɗanda aka yi wa ba su haura wata 15 ba. Sanatocin Amurka biyu, Edward Kennedy a 2009 da John McCain a 2018, ita ta ɗauke su, alhali babu likitan da ya fi ƙarfin aljihunsu. Wannan halin cutar ne, a gidan mai addu'a da gidan wanda ba ya yi.

Ban ji ta bakin yayar mijinki ba, ba kuma na son yanke hukunci da kunne ɗaya. Ƙaninta ne a kwance, na tabbata tsoro ne ke magana da bakinta. Amma abin da take koyarwa ba daga Littafi Mai Tsarki ta samo shi ba. Almajirai sun tambayi Yesu game da mutumin da aka haifa makaho, ko zunubin wa ne, nasa ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi. Elisha da ya ta da ɗan matar Shunem daga mutuwa, ciwo ne ya kwantar da shi har ya rasu. Wa zai tsaya ya ce waɗannan bangaskiya ce ta gaza musu? Kuka kuwa, Ubangiji da kansa ya yi shi a kabarin Li'azaru, yana sane da cewa nan da ɗan lokaci zai kira shi ya fito.

Magani kada a taɓa shi. Ba na raɗaɗi ba, ba na jijjiga ba, ba na rage kumburin ƙwaƙwalwa ba; wannan na ƙarshen ma tsayar da shi farat ɗaya haɗari ne. Tsawar da yake daka miki, ki gaya wa likita. Ƙari in ya danne gaban ƙwaƙwalwa yakan sauya halin mutum, maganin kumburin nan da ake kira deksametason shi ma yakan kawo saurin fushi da rashin barci, wani lokaci gyara yawansa kawai ake yi a ga sauƙi. Ba aljani ba ne, ba kuma ƙiyayya ba ce. Ita kuwa yaya, kada ki rufe mata ƙofa, amma ki sa fasto ko wani dattijon ikkilisiya ya zauna da ita a kafa doka: mutum biyu a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, minti goma.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci, wanda ke kika wuce shi a layi biyu, har kika kawo shi a matsayin shaidar ƙoƙarinki. Mijinki ya roƙi takarda da biro, kika hana shi.

'Yata, ba don in ƙara miki nauyi nake faɗa ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da yayarsa take yi miki, shi kika yi masa. Ta hana ki kuka da sunan bangaskiya, ke kuma kin hana shi sallama da sunan bangaskiya. Duk gidan nan mutum ɗaya ne ya kalli gaskiya ido da ido bai firgita ba, shi ne wanda yake kwance. Ya ji hannunsa yana mutuwa, ya ƙirga kwanakinsa, ya tuna da 'ya'yansa, ya nemi abu ɗaya ƙarami daga wadda ya fi amincewa da ita. Aka ce masa babu inda za shi. Ya san ba haka ba ne, ya kuma san kin sani. To da wa zai yi maganar? A wannan shari'ar ina bayansa, ba na bayanki, ba na bayan yayarsa.

Kin ce ya juya ya fuskanci bango. Ki buɗe 2 Sarakuna sura 20. Sarki Hezekiya yana kwance rai a hannun Allah, annabi Ishaya ya shigo da saƙon cewa ya kintsa gidansa domin mutuwa zai yi. Shi ma bango ya juya ya fuskanta, ya yi addu'a, ya yi kuka mai zafi, aka ƙara masa shekara 15. Umarnin a kintsa gida da roƙon a ƙara kwana, a sura ɗaya suke zaune, babu wanda ya kori ɗan'uwansa. A Getsamani ma haka Yesu ya roƙa: a ɗauke mini wannan ƙoƙo, amma ba nufina ba, naka. A kan gicciye, numfashi na yankewa, Yesu ya tsaya ya damƙa mahaifiyarsa a hannun Yohanna. Idan Ubangiji ya yi wasiyya, mijinki bai yi saɓo ba don ya nemi biro. Ki ci gaba da roƙon warkarwa har numfashi na ƙarshe, ni ma ina taya ki. Allah ba ya buƙatar ki yi wa mijinki ƙarya kafin ya yi mu'ujiza.

Abin da ya sa nake matsa miki shi ne lokaci. Wannan cuta ba kamar sauran ba ce, inda mutum kan kai kwanakin ƙarshe da hankalinsa da bakinsa. Ita takan fara kwashe kalmomi tun da sauran kwana. Barci zai yi ta ƙaruwa, magana ta riƙa sarƙewa, sunaye su ɓace, haɗiya ta yi wuya. Abin da zai iya faɗa a wannan satin, mai yiwuwa ba zai iya ba a wata mai zuwa.

Ku kuma masu karatu, musamman mu masu zuwa dubiya da Littafi a hammata, bari in yi magana da mu. Abokan Ayuba uku sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba su ce uffan ba, a nan ne suka yi daidai. Da suka buɗe baki suna laluben zunubin da ya jawo masa, Allah ya husata da su, sai da Ayuban ya yi musu addu'a. Mun mai da ɗakin mara lafiya wurin gwada ƙarfin muryarmu, mu tafi mu bar mai jinya da kayan wanki da zargin kai. Cicely Saunders, Kirista ce mai tsoron Allah, ma'aikaciyar jinya da ta koma likita, ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali a Landan a 1967, domin ta gane raɗaɗin mai mutuwa ba a jiki kaɗai yake ba, har da tsoro, da damuwar iyali, da tambayoyin ruhu. Bangaskiyarta ce ta kai ta ga ba su magani a kan lokaci da zama ta saurare su. In ka je dubiya, ka karɓi mai jinya ta kwanta na awa uku. Ka wanke zanen gado. Ka karanta Zabura 23 a hankali, in ya yi barci ka yi shiru.

Kin ce addu'a ta gagare ki. Mahaifin yaron nan mai farfaɗiya a Markus sura 9 bai zo da cikakkiyar bangaskiya ba, cewa ya yi ya gaskata, a taimaki rashin gaskatawarsa, Yesu kuma bai kore shi ba. Ki ari kalmominsa har naki su dawo. Juya mijinki da kike yi ƙarfe biyu na dare, shi ma sujada ce.

Gobe da safe, bayan ya sha magani, lokacin da kansa ya fi washewa, ki rufe ƙofa ki zauna a bakin gadon. Ki ce masa, "Ran nan ka nemi takarda na hana ka, tsoro ne ya kama ni, ka yafe mini. Ga ta." In hannun ya ƙi, ya faɗa ki rubuta, kalma da kalma yadda ya faɗa, kada ki gyara masa. Ki kunna wayarki ta naɗi muryarsa, yaran za su nemi muryar nan wata rana. Ki tambaye shi abin da yake tsoro, da wanda yake son gani, da waƙar da yake so a rera masa. In kuka ya zo, ku yi shi tare. Sa'an nan ki rubuto mini ki gaya mini yadda kuka yi.

Gwaggonki.