Amsoshin Tambayoyinku: Fiyus Na Nan Lafiya, Rediyon Mutane Ya Ƙone

Wani mai gyaran rediyo daga Mabera ya rubuto: "Malam, na haɗa na'urar ba da wuta mai bolt 12 da taransifoma da 7812 don gwada kayan da ake kawo mini. Ranar nan ta ƙona rediyon wani dattijo, fiyus kuwa ko gezau. Fiyus ɗin ne jabu, ko sitabilaiza zan saya?"

Ɗan'uwa, Allah Ya mayar da alheri. Fiyus ɗinka ba shi da laifi. Aikinsa ya tsinke idan kaya sun ja wutar da ta fi ƙarfinsa, ba ruwansa da hawan bolt. Sitabilaiza ma ba za ta cece ka ba, domin ɓarnar daga cikin akwatinka ta taso. Taransifoma mai bolt 15, bayan wuta ta ratsa dayod ta taru a babban kondensa, tana kai wajen bolt 20. Wannan 7812, wato ɗan abin da ke rage wutar ya tsayar da ita a bolt 12, shi kaɗai ke tsaye tsakanin 20 ɗin da rediyon mutane. Idan ya lalace ya haɗe ciki, duk abin da ya shiga shi ne zai fito. A zafin Afrilu na Sakkwato, da ma'auni ke wuce digiri 40, kuma a ce ba ka ɗaura masa farantin alminiyon na sanyaya shi ba, kwanansa ƙarewa yake da wuri, balle idan na jabu ne.

Maganin shi ne ɗan haɗin da zai tsinke fiyus da gangan idan bolt ya hau. Abin da za ka saya bai kai kuɗin gyaran rediyo ɗaya ba: SCR (makunnin lantarki mai ƙafa uku, A, K da G) lamba BT151, dayod ɗin zena mai bolt 13 (ba ya buɗewa sai wuta ta haura haka), rezista mai om 100, ƙaramin kondensa mai lamba 104, da fiyus na gilashi mai amfiya 2. Ka sayi fiyus ɗin da yawa.

Ka sa fiyus tsakanin babban kondensa da 7812. Ƙafar A ta SCR ta hau layin ja (+) bayan fiyus, ƙafar K ta hau layin baƙi (-). Ɓangaren zena mai zobe ya kama inda bolt 12 ke fita, ɗaya ɓangaren ya tafi ƙafar G. Rezista da ƙaramin kondensa su zauna tare tsakanin G da layin baƙi, su ne ke hana SCR firgita a kan ɗan motsin wuta. Da zarar abin da ke fita ya doshi bolt 14, zena ya buɗe, SCR ya haɗe ja da baƙi da gangan, fiyus ya tsinke kafin rediyo ya ji a jikinsa.

Kada ka yarda da haɗin nan sai ka gwada. Ka cire kayan kowa, ka ɗauki guntun waya ka taɓa ƙafar shiga da ƙafar fita ta 7812 lokaci guda. Ya kamata fiyus ya yi tartsatsi nan take. Kuma don Allah, ranar da ya tsinke kada ka naɗa masa zaren waya kamar yadda ake yi a shaguna. Na ga akwatin da aka yi wa haka, taransifomarsa ta gasu har roba ta narke ta zubo kan tebur.

Wata ɗaliba daga Arkilla tana tambaya: "Kawu, damina na tafe. Me zan sa a bakin wutar gida saboda tsawa, MOV ko TVS?"

'Yata, a bakin wutar gida mai bolt 230, MOV za ki saya, wannan shuɗin mai kama da kwabo. Ki nemi 14D471K, yana jure bolt 300 kullum, sai wuta ta yi tsalle sannan ya shanye ta. Ki sa shi tsakanin wayoyin biyu, fiyus a gabansa. Kowace tsawa da ya sha tana rage masa ƙarfi, kuma idan zai mutu haɗewa yake yi, in ba fiyus sai gobara. Ki riƙa leƙa shi. In ya yi baƙi ko ya tsage, ki canza. TVS kuwa, dayod mai shanye tsallen wuta, irin su 1.5KE15A, wurinsa ɓangaren bolt 12. Ya fi sauri, amma ba ya ɗaukar nauyi kamar MOV.

Akwai abin da dukansu ba sa iyawa. Idan wayar nutural ta tsinke a turke, wutar da ke shiga gida kan haura har kusan bolt 400 ta zauna a haka, unguwa ta tashi da ƙonannun fankoki da talabijin. Maganin wannan shi ne na'urar yanke wuta mai nuna lamba, wadda ake sa wa iyaka, misali 250, tana kuma jinkirta dawowa. Ki tambayi masu kayan wuta, ki sa ƙwararren mai wayarin ya ɗaura miki kusa da mita. Wutar gida ba wurin koyo ba ce, kuma ko an zare filogi, babban kondensa na riƙe da wuta na ɗan lokaci, ki auna shi da mita kafin ki kai hannu.