Ɗana, ga amsar maganar babur

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso. Ka ce za ka sayi babur na zuwa aiki cikin garin Marwa, nan arewacin Kamaru, kana tambaya ko dole ne ka je da dillali da shaidu, sannan ka kai wa Babanka ya sa albarka, alhali kuɗin guminka ne.

Idan sabo ne daga shago, rasit ya ishe ka. Amma na hannu, kada ka kuskura ka je kai kaɗai. Dillali ba la'ada kawai yake ci ba, shi ya san mai abin, ya san gidansu, kuma shi za a nema in magana ta tashi. Ni na taɓa guje wa la'ada, na sayi mobilet wurin wani baƙo a bakin kasuwa. Ko wata ba a yi ba mai ita ya gane kayansa, na rasa kuɗi na rasa abin hawa, har yau goggonka tana min dariya. Ka taya, in mai babur ɗin ya ce albarka ka ƙara kaɗan, in ya sallama a rubuta gaban mutum biyu. Ka duba lambar inji da ta jiki, su dace da takarda. Tun da fitinar Boko Haram ta shigo yankin nan wajen 2014, babur marar takarda jan magana ne a kowane shinge.

Mobilet ɗinmu ta da, fetur da baƙin mai ake haɗa mata, in ta ƙi tashi ka tuƙa feda kamar keke. Na yanzu mai daban, fetur daban. In iyakarka kwalta ce, ƙaramin roba-roba ya wadatar, ba ya shan mai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ka ga yadda zuwa-zuwa, fetur ɗin bumburutu da ake shigo da shi daga Najeriya, ya yi tsada tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a 2023. Amma na san ka, za ka riƙa leƙa gonar masakuwa, dawar rani, kuma laka ta karal, wato ƙasar da ake shuka ta, da rairayin mayo, wato rafi, ba sa raga wa ƙaramar taya. Nemi mai tsayin ƙafa irin Boxer ko TVS, waɗanda 'yan haya ke hawa. Kafin ka biya, tambayi bakaniken unguwarku wane ne kayan gyaransa ke kusa.

Batun Babanka kuwa, ba farilla ba ne, ladabi ne. Ka tura masa shi ƙofar gida, ya dafa ya yi addu'a, ka raba ɗan goro ko ƙosai sadaka. Ka kuma sani daga ranar, tsohon da ka tarar a hanya kai ne mai ɗaukarsa, masu aro ma za su yi sallama. Aron ne kaɗai na yarje maka ka hana, sai fa rashin lafiya da dare.

Ka sayi hular kwano. Ka gai da mahaifiyarka.

Kawunka, daga Garwa.