Alhaki kwikwiyo ne: tambaya kan ramuwar gayya da yaƙin Gaza

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto yana cewa, Malam mun yi musu a majalisa kan Isra'ila da Falasɗinu, wani ya ce ai ramuwar gayya ta fi gayya zafi don haka wanda ya tsokano shi ya jawo wa mutanensa, shin haka karin maganar take nufi, sannan mene ne bambancin alhaki da laifi?

To ɗana, gayyar nan ba gayyar noma ba ce, rubutunsu ne kawai ɗaya. Wannan ita ce ta "da gayya ya yi", wato da gangan don a ƙuntata maka. Kuma Bahaushe gargaɗi ya yi da maganar, yana faɗa maka halin ɗan Adam ne idan ya tashi ramawa yakan wuce gona da iri, bai ba kowa lasisi ba. Sannan ramuwa a kan wanda ya yi maka ake yinta, idan ka bar shi ka huce a kan ɗansa sunan abin huce haushi, shi ya sa muke da "an bar jaki ana dukan taiki".

Alhaki kuwa daga Larabci muka aro shi, al-haƙƙ, muka haɗe shi da "al" ɗin kamar yadda muka yi a alƙali da albarka. Hakki ma tushensu ɗaya. Laifi abu ne da ake tuhumarka da shi, lauya na iya wanke ka, amma alhaki ɗauka ake yi kamar kaya, sai ka ji tsohuwa ta ce "ka ɗau alhakina". Shi ya sa aka ce alhaki kwikwiyo ne mai shi yake bi, ko ka kore shi ka shige ɗaki da safe za ka tarar da shi a bakin ƙofa.

Ka auna da abin da ya faru. Ranar 7 ga Oktoba 2023 mayaƙan Hamas sun kashe mutum kusan 1,200 a kudancin Isra'ila, akasarinsu farar hula, wasu a gidajensu a ƙauyen Be'eri wasu a wajen bikin kiɗa, aka kuma tafi da wajen 250 har da tsofaffi da jarirai. Wannan alhakin yana wuyan waɗanda suka yi, mamaya da ƙuncin da Falasɗinawa suka daɗe a ciki gaskiya ne amma ba ya sauke shi.

Sai Hind Rajab, yarinyar da ba ta wuce shekara shida ba. Ranar 29 ga Janairu 2024 aka buɗe wa motarsu wuta a unguwar Tel al-Hawa a birnin Gaza, tana ciki tsakanin gawawwakin danginta tana waya da ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Red Crescent tana roƙo a zo a ɗauke ta tana jin tsoro, aka tura motar asibiti da mutum biyu su ma aka kashe su, sai bayan kwana 12 aka kai ga gawarta. Sojojin Isra'ila sun ce ba sa wurin, masu bincike kuma sun ƙirga ramin harsashi 335 a jikin motar. Wallahi duk lokacin da na tuna muryar yarinyar nan sai jikina ya yi sanyi. Wace gayya ta yi da za a rama a kanta? Irinta Hausa ke cewa ba su ji ba ba su gani ba, kuma ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ce zuwa Yulin 2025 waɗanda aka kashe sun haura 60,000.

Ka kuma kula da kalmar kuskure. Da aka kashe ma'aikatan agaji bakwai na World Central Kitchen ranar 1 ga Afrilu 2024 Isra'ila ta ce babban kuskure ne har ta sallami hafsoshi biyu. A Hausa akwai tsautsayi, akwai kuskure, akwai ganganci, kuma wanda ya san akwai yara a gida ya jefa bam ɗin duk da haka ba za mu ce tsautsayi ba ne, ganganci ne. Ko kisan kuskure ma a shari'a diyya ake biya, ba a cewa ya wuce.

Ka gaishe min da 'yan majalisar taku, kuma wanda ya kawo karin maganar ka karanta masa wannan a hankali ba da faɗa ba.